Miyar Kuka a Tukunyar Wardi

Jikata ce ta tono mini wannan zance, wadda nake kira uwargida don in ba kakarta haushi, ko da yake kakar tata ta riga mu gidan gaskiya, yanzu ba wanda nake ba haushin sai kaina. Ina kishingiɗe a falon ɗana a unguwar Azizya, nan Madina, na'urar sanyi tana cin ƙasusuwana, sai ta zo ta dangwara mini waya a hanci, tana cewa kaka, duba, da Larabcin nan nasu. "Ya jaddi, shuf. Ba irin tukunyarku ba ce wannan?" Na gyara tabarau. Wasu Turawa ne jajaye, uba da 'ya'ya da jikoki, sun jeru a gaban wata ƙatuwar tukunyar tagulla mai dogon wuya, bayansu gonar hatsi, suna ta washe baki. Ta ce wai sana'ar gidansu ke nan tun kaka da kakanni, su noma hatsin su dafa shi a tukunyar. Na ce me suke fitarwa? Ta ce giya. Na ce a'uzu billahi, ɗauke mini wannan abu, ni da alwalata. Da ta juya na ce dawo in ƙara gani. Wallahi wuyan tukunyar irin na tamu ne sak, har inda ya lanƙwasa. Sai dai abin da ke ɗiga daga tasu mutum yake kaiwa wuta, na tamu kuwa ana yayyafa shi a likkafani, ana ɗiga shi a shayin ango. Mu ruwan wardi muke yi. Na ce "muke", gara in ce "suke", domin ni da gemun nan nawa fari fat, har zuwa lokacin sau ɗaya tak na taɓa hura wa tukunyar gidanmu wutar wardi, daga ranar aka hana ni. Ga shi kuma ɗan yayata ya riga ya yi wa wani mai gidan abinci a titin Sulɗana alkawarinta, za a kafa ta a bakin ƙofa a cusa mata furen roba a baki.

Karatuna aji huɗu ne, na huɗun ma rabinsa a kan katangar makaranta na yi shi, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa, kada ya zo ya tashe ni daga barcin rana.

Kakanmu da ƙafa ya zo ƙasar nan, daga wani ƙauye a ƙasar Kano. Ya yi noma a hanya, ya yi dako, ya yi aure a Sudan, ya tsallake teku, ya sauke farali, ya zo ziyara Madina, sai ƙafar ta ce ita ta gama. Ya kama aikin jan ruwa a gonar wani dattijo a wajen Ƙuba, irin gonar da mutanen nan ke kira bilad. Dattijon 'ya'yansa ba mai son ƙasa ta taɓa masa riga, shi kuwa ya ga wannan baƙin mutum ba ya gajiya ba ya surutu, sai ya koya masa dafa wardi. Kafin ya rasu ya yanka masa gefen gonar, ya ba shi tukunyar. A nan aka haifi Baba, a nan aka haife mu, mu uku da muka rayu: Yaya, ni, sai Auta.

Yanzu in na ce wa yaran nan akwai lokacin da mutum zai tsaya a wajen Ƙuba ya ji kukan kwaɗi, sai su dube ni kamar na ce na yi hira da aljani. Amma akwai. Dabino a sama, ƙarƙashinsa na'ana'a da wardi, ruwa yana bin 'yan magudanai yana ƙulu-ƙulu kamar mai kurkure baki. Na tarar da ƙarshen zamanin jaki da guga, igiya tana kuka a kan itacen rijiya tun daga asuba. Daga baya aka kawo inji, makina muke ce masa, tuk-tuk-tuk, in ya yi shiru kowa a gidan sai ya ɗaga kai kamar an yi sallama. Kurciya ba ta fasa kuka, Inna ba ta fasa kiran sunan wanda ya bar akuya ta shiga na'ana'a, wanda kuma kullum ni ne. A lokacin wardi, da an sallame sallar asuba kowa zai ɗau kwando, mata da maza har da maƙwabta, a tsinke furen kafin rana ta taɓa shi, domin Baba ya ce in rana ta riga ka, ita ta sha ƙamshin, kai ganye ka kwaso. Yatsunka su yi sanyi, ƙaya ta tsaga su, ka dawo rigarka tana ƙamshi kamar ta amarya cikinka yana kukan yunwa. Yau jikokina in an ce su sauko da shara daga bene na biyu sai sun tambayi ko lifta tana aiki.

Tukunyar tana da rumfarta ita kaɗai. A zuba fure, a zuba ruwan rijiya, a kifa murfin mai dogon wuya, a liƙe bakin da kwaɓaɓɓiyar fulawa da tsumma don kada tururi ya tsere. Wuyan yana bi ta cikin birka, wato ɗan tafkin da muke tara ruwa, tururin ya huce a ciki, ya fito ta ɗaya gefen yana ɗiga cikin kwalba. Duk wannan jaki ma in an nuna masa sau biyu zai iya. Aikin yana wajen wuta. Mai wuta mutum ɗaya ne a gida, yana da dutsen da yake zama a kai, ba wanda ke hawa dutsen ko da wasa. Carbi a hannun dama, busasshen reshen dabino a hagu. Ɗigo ɗaya, subhanallahi ɗaya. In ɗigo ya riga tasbihi, wuta ta yi yawa, a janye reshe. In tasbihi ya riga ɗigo, a tura. Haka tun hantsi har azahar, ba hira ba waige. Kaka ya zauna a dutsen nan, Baba ya zauna.

Baba gajere ne, maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba, amma hancinsa shi ne alƙalin gidan. Daga bakin gona yake gane Inna ta cika citta a shayi. A lokacin wardi wanda ya ci albasa ba ya kusantar rumfa sai ya kwana. Turare haramun ne a wajen. Na'ana'a ma da muke dafawa tukunyarta daban, 'yar ƙarama. Ita babbar, ban da fure da ruwa ba abin da ya taɓa shiga cikinta tun zamanin dattijon nan. Kuma da na fara gemu, wata rana muna wanke kwalabe, Baba ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Baɗi kai za ka hau dutsen." Ranar ko abinci ban iya ci ba. Na fara tafiya ina buɗe hannuwa kamar mai ƙurji a hammata.

To akwai wata doka kuma a gidanmu, ita ma daga Kaka: duk wanda ya fito daga garinsu ya zo ziyara, a gonarmu zai ci abinci, ko mutum nawa ne. Ba wanda ya taɓa tunanin wata rana dokokin nan biyu za su yi karo, sai da Allah Ya kawo ni duniya.

Bayan aikin hajjin shekarar aka yi mana rasuwa a Makka, Baba da Inna da Auta suka tafi ta'aziyya, aka bar mini gida. Yaya tana aure a kusa, takan leƙo. Kwana biyu da tafiyarsu, da hantsi, sai ga motoci biyu sun tsaya a bakin gona, alhazai suna ta dirowa, tsofaffi da mata, kowa ya rame ya yi baƙi. Wani dattijo mai sanda ya ce, "Nan ne gidan jikokin Malam mai wardi? Mu mutanen garinku ne. Kai ne babba?" Na gyara tsayuwa na ce ni ne. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta kwance ƙullin zanenta, ga daddawa, ga kuka, ga yaji. Ta ce, "Ɗan nan, wata biyu burodi da shayi muke ci. Tun daga gida nake ɓoyon wannan, ban samu murhun da zan ɗora ba. Ka taimaki kakarka."

Na aika aka kira Yaya. Ta dubi mutanen, ta dubi tukwanen Inna, ta ce, "Tuwo dai a yi shi kashi-kashi. Amma miyar wannan runduna, ko an haɗa tukwanen nan duka ba za su ɗauka ba."

Na juya na dubi rumfa.

"Kai," in ji Yaya, "kada ma idonka ya je wajen."

"Miya ce fa, Yaya, ba najasa ba. A wanke."

"Baba zai yanka ka."

"Baban ne ya ce baƙon garinmu ba ya fita da yunwa."

Ta juya ta dubi tsohuwar nan da ta riga ta zauna tana ɓarza daddawa a kan dutsen niƙa. Can ta ce, "Ɗauko. Amma ni ban gani ba." Wadda ba ta gani ba ɗin, ita ta zuba daddawar da hannunta, tafi bayan tafi, ita ta kaɗa kukar, har tana cewa in ƙara wuta.

Ban taɓa ganin mutane sun ci abinci irin na ranar ba. Ba mai magana, sai ƙarar lasar yatsa. Tsohuwar tana ci tana hawaye. Da suka gama dattijon ya ɗaga hannu ya yi mini addu'ar da ta fi huɗubar Juma'a tsawo, ya ce Malam bai mutu ba tunda ya bar irina. Na raka su mota ina jin in aka ba ni garin nan zan iya riƙe shi.

Sannan na koma kan tukunya. Na wanke ta da toka, na wanke da lemon tsami, na dirje da yashi. Sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kamar ƙwaryar da kare ya lasa, don kada a ce ban bi littafi ba. Na shanya ta a rana kwana biyu. Na cusa kaina ciki na shaƙa, ban ji komai ba sai tagulla. Na mayar da ita rumfa, na goge sawuna.

Wata uku ba abin da ya faru, har na manta. Wardi ya buɗe. Ranar farko aka tsinko kwanduna, aka zuba, aka liƙe, Baba ya nuna mini dutsen da haɓa. Na hau. Jama'a, ba yabon kai ba, ranar ɗigo da tasbihina kamar tagwaye suke tafiya. Ko sau ɗaya Baba bai yi gyaran murya ba. Da kwalba ta kai rabi ya zo ya tara bayan hannunsa, ɗigo ɗaya ya sauka, ya kai hanci. Ya daɗe. Ya sauke hannun, ya dubi sama, ya sake kaiwa. Sai ya ce, "Ku kira mini uwarku. Ko hancina ne ya tsufa."

Inna ta zo tana goge hannu a zane, ta sunkuya ta shaƙa, ta ɗago. "Malam, wannan ai da tuwo za a ci shi."

Ba wanda ya yi dariya sai wata maƙwabciya, ita ma ta mayar da ita tari. Ashe tagulla in ta ji wuta tana tuna duk abin da ta taɓa ci.

"Wa?" in ji Baba.

Na dubi Yaya. Yaya tana ƙirga yatsun ƙafarta, kamar ranar aka ba ta su. Na ce ni ne, na kwashe labarin alhazai na faɗa, har da addu'ar dattijo, ko za ta yi mini ceto. Baba ya saurara har ƙarshe. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba, da ma ya yi.

Ya ce, "Ka ciyar da baƙi, Allah Ya biya ka. Da awakin gidan nan ka yanka musu duka, da na ƙara maka da jakin. Tashi daga kan dutsen." Na tashi. "Auta, zauna." Auta, wanda ni na koya masa ɗaura wando, ya zauna. Baba ya nuna ni da carbi ya ce wa mutanen gida, "Wannan, shi da tukunya sai kallo."

Ruwan ranar, wahalar mata goma tun asuba, a gindin dabino aka zubar, awaki suka bi suna lasa. Aka kai tukunyar wajen mai shafen dalma ya sake mata ciki, Baba ya shaƙa ya ce a maimaita. Kafin ta dawo rabin wardin shekarar ya zube a ƙasa, fure ba ya jiran kowa. Masu zuwa da kwalabensu duk shekara suka zo suka koma haka nan. A unguwa kuwa sunana ya koma Mai Miya, har na yi aure ana kirana da shi.

Na zaci fushin shekara ɗaya ne. Na ɗauki kwando, na kai kwalabe gidaje a keke, na yi ladabi kamar sabon almuhajiri. Ranar sunan ɗana na fari na ga Baba yana cikin nishaɗi, na matsa na ce, "Baba, maganar dutsen nan fa?" Ya ce, "Yau me aka dafa a gidanka?" Shi ke nan amsar. Da ciwon ajali ya kwantar da shi kullum ina gefensa, ina jiran kalma ɗaya. Ya yi wasiyya a kan makina, ya yi a kan jaki, ya ce a riƙa rufe birka saboda yara. Ni ya ce in gyara masa matashi. Bayan an yi bakwai Auta ya nuna dutsen ya ce mini, "Yaya, zo ka zauna mana, ai ya wuce." Kafin in buɗe baki babbar yayarmu ta ce, "Baba bai ɗage ba." Ni ma girman kai ya hana ni roƙo. Na bar gonar na kama tuƙin babbar mota, Madina zuwa Yanbu, Yanbu zuwa Madina, ina shaƙar hayaƙin dizal da na sigari har gashina ya yi fari.

Gonar ba rana ɗaya ta mutu ba. Rijiya ta fara nisa, aka ƙara bututu, ta ƙara nisa, ruwan ya koma gishiri-gishiri, wardi ya fara fitowa ƙanana kamar maɓallin riga. Benaye suka matso ta gabas, suka matso ta kudu, har mata suka daina fita tsinka sai da lulluɓi saboda tagogin mutane. Daga baya aka zo aka ja titi ta tsakiya. Inda dutsen yake, in lissafina daidai ne, yanzu wajen wankin motoci ne. Auta bai daɗe ba bayan haka ya rasu. Yaya ta sa aka kai tukunyar soron gidanta a unguwar Harra ta Gabas, aka rufe ta da tsohon bargo. Abin dariyar, tunda duk masu sanin sun ƙare, ni ake nunawa. Yara masu kyamara su zo su kira ni baffa da Larabci, su ce, "Ya ammi, kai ne ka san dafa wardi irin na dā?" In gyara zama in yi musu bayani kamar shehi, su tafi suna jinjina kai. Ba wanda ya taɓa tambayata kwalba nawa na fitar a rayuwata. Rabi ce, ita ma awaki suka sha.

Da na ji ranar Asabar za a zo ɗaukar tukunyar a kai gidan abincin, na sa aka kai ni wajen Yaya. Tana zaune a kan darduma, ta tsufa har ta koma kamar ƙullin kaya, amma bakin yana nan.

"Mai Miya, lafiya da rana tsaka?"

"Yaya, so nake in hura ta sau ɗaya kafin a tafi da ita."

"Baba bai ɗage ba."

"Baban kuma bai ce a saka mata furen roba ba. Ki bar ni in yi, in kawo miki. Hancinki irin nasa ne, kowa ya sani. In kin ce bai yi ba, na haƙura har Lahira."

Ta ja carbi. Ta ce, "Kada ka ƙona mini soro."

Asabar da sassafe na sayo fure wajen wani mai kawowa daga gonakin bayan gari, na hau soron ina hutawa a kowace hawa biyar. Murhun gas ne maimakon reshen dabino, bahon wanki maimakon birka, bulo maimakon dutse. Na kwaɓa fulawa na liƙe. Ɗigon farko ya sauka, na ce subhanallahi, na biyu ya jira ni. Gwiwoyina suka yi tsami, rana ta dake ni, ban waiga ba. Kafin azahar kwalba ta cika.

Na sauko na durƙusa gaban Yaya, na ɗiga mata a bayan hannu. Ta kai hanci. Ta sake shaƙa. Ta sauke hannun, ta leƙa ƙofa ko surukarta na kusa, ta rage murya.

"Ba na jin komai."

"Bai yi ƙarfi ba ke nan?"

"Ba shi ba, ni. Tun ciwon nan na shekarar da aka rufe masallatai hancin ya tafi, bai dawo ba. Kada ka gaya wa yarinyar nan, har yanzu ina buɗe mata tukunya in ce gishiri ya yi yawa." Ta miƙo mini hannun. "Kai me ka ji?"

Na shaƙa. Na sake shaƙa. Na ce, "Yaya, ni rabona da jin ƙamshi tun ina tuƙi. Ko gas ne ya zube sai an gaya mini."

Muka zauna muna kallon kwalbar. Ta fara lissafa waɗanda za a iya kai wa su shaƙa, duk wanda ta ambata sai mu ce Allah Ya jiƙansa. Yaran gida kuwa ko ruwan wanki ka ba su za su ce helu, ya jaddi, wai ya yi daɗi.

Can ta ce, "To, ni dai na ɗage maka. Na Baba kuma, in ka je ka tambaye shi da bakinka. Ai ba ka da nisa."

Ana cikin haka mota ta yi oda a ƙasa. Wasu magidanta biyu ne 'yan Nijar, ma'aikatan gidan abincin, suka gaishe mu suka hau soro. Na bi su a hankali don in nuna musu inda ake kamawa. Na farkon ya rungumi cikin tukunyar, ya sake ta da sauri yana yarfe hannu.

"Kai! Baba, ai da zafi!"

Na ce, "Da zafi mana. Ni na hura."